Laimar Ummaru da Ruwan Fatakwal

Ummaru ba ya gaida mutum sai ya gaida sama. Ku da kuka zauna da shi a Sabon Garin Jega kun san haka. Ka yi masa sallama, sai ya ɗaga maka hannu alamar ka dakata, ya ɗaga kai ya dubi gabas, ya kanne ido ɗaya, ya shaƙi iska, sannan ya juyo ya amsa maka kamar yanzu ka iso. Ga baƙar laimar nan tasa a hammata, rani da damina, masallaci da kasuwa, gidan suna da gidan gaisuwa. Ta sha faci har ba a san asalin yadinta ba. Wani gefen guntun tsohuwar rigarsa ne, wani gefen zanen matarsa Kulu ne da ta neme shi ta rasa.

Ni taubashiyarsa ce, uwata da ubansa ciki ɗaya, saboda haka ina da izinin faɗin abin da na ga dama a kansa. Yana raye ban raga masa ba, kuma ba yau zan fara ba don ya kwanta dama. Shi yana ce mini Ta-Maiyama saboda can aure ya kai ni, ni kuma ina ce masa Sarkin Hadari, yana amsawa da fara'a don bai taɓa gane zolaya ba ce.

Masu ƙananan shekaru sun ɗauka da laimar aka haife shi. A'a, tana da mafari. Can baya, yana zaune Aliero yana noman albasa, wata shekara Allah ya ba shi amfani mai yawa, sai ya ce shi ba zai sayar wa dillalai a bakin gona ba, da kansa zai kai Fatakwal ya ci ribar da suke ci. Bazara ce tsagwaronta, rana tana dukan ƙasa har ba a iya taka ta ba takalmi. Aka loda buhuna a babbar mota, direba ya ce a nemo tamfol a rufe kayan. Ummaru ya dubi saman Aliero, ya ga ko gajimare babu, ya yi dariya.

"Tamfol na mi? Ko sharar gona ba a yi ba. Ni ka noma, kai ka tuƙi, kowa shi tsaya ga aikinai."

Direba ya yi ta lallashi, ya ce can ƙasar damina ta riga ta sauka. Ummaru ya kafe kai da fata. A saninsa sama ɗaya ce Allah ya yi, kuma in ba a yi ruwa a Aliero ba, babu wani gari da ya isa ya riga ta. Ga kuma rowa, don hayar tamfol a wurinsa almubazzaranci ce. Suna tsallake gadar Lakwaja ruwa ya tarye su kamar da bakin ƙwarya, ya raka su har Fatakwal, ya kuma zauna tare da su a can. Albasa da ruwa kuwa kun san ba sa ga maciji. Kafin a sauke kaya rabi ya ruɓe, sauran ya fara tsiro a cikin buhu. Ya dawo gida ba riba ba uwa, sai warin ruɓaɓɓiyar albasa da Kulu ta yi ta fama da shi a tufafinsa, da wannan laima da ya saya a can.

Kowa ya zaci zai dawo da nadama. Ina! Da na je yi masa jaje, na tarar ya tara mutane a zaure yana ba da labari kamar wanda ya ci yaƙi. Laifin ba nasa ba ne, na ruwan ne.

"Ruwan Kudu bai da tarbiyya, Ta-Maiyama. Namu shina aiko iska, shi yi sallama, kana shi shigo. Wancan ko baƙo na wanda bai san zaure ba."

An ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Shi Ummaru bai tsaya ga gudu ba, sai ya naɗa kansa mai gargaɗin duniya a kan tsumma. Sau ɗaya tak ya taɓa zuwa Kudu, amma daga ranar ya zama masanin ruwan Ikko, da na Kalaba, da na Kwatano, har da garuruwan da a rediyo kawai ya ji sunansu. Da ya dawo Jega da zama, sai ya kafa benci a tashar mota. Duk wanda ya gani da jaka sai ya tsare shi: ina za ka, yaushe za ka dawo, wa ya ce maka yanzu ne lokacin zuwa can? Har maniyyata aikin Hajji bai bari ba, yana ce musu su tafi da laima don ba a san halin saman mutane ba. Wata rana ya tsorata wani bawan Allah mai zuwa Ikko har mutumin ya sauko daga mota ya karɓi jakarsa ya koma gida, bayan mota ta cika ana shirin tashi. Direbobi suka fusata, suka ɗauki bencin suka fitar da shi waje. Ummaru ya gyara wa bencinsa zama a daidai ƙofar shiga, inda yake tare fasinja tun kafin su kai ga mota.

Da a ce yana dacewa, da da sauƙi. Ni ganau ce. Lokacin bikin 'yata Rabi, za a kai ta Sabiyal daga Maiyama, dangin ango da namu mun tsayar da rana a ƙarshen bazara. Ummaru ya zo har gida da laimarsa, ya dubi sama, ya ce ranar nan ruwan farko zai sauka, kuma hanyar Sabiyal ba ta wasa da ruwa, a ɗaga zuwa mako mai zuwa. Na ce ba za a ɗaga ba. Ya bi ta bayana ya samu maigidana, ya cika masa kunne da labarin albasar Fatakwal, aka ɗaga. Ranar da muka sa tun farko ta zo, sama fes, rana ƙwal, ko iska ba ta motsa ba. Ranar da shi ya zaɓa kuwa, mun bar kwalta ke nan mun hau hanyar ƙasa, gabas ta yi baƙi ƙirin. Motar kayan ɗaki ta kafe a laka, katifa ta sha ruwa ta ƙoshi, alkaki da nakiya suka zama kunu. Amarya a amalanken shanu aka ƙarasa da ita, tana kukan rabuwa da gida tana kukan sanyi. Muka isa tsamo-tsamo, zannuwan da muka ɗinka don ranar sun manne a jiki. Mutum ɗaya ne a duk tawagar ya isa a bushe, kun san ko wane ne.

Na tsaya a gabansa ruwa yana ɗiga daga ɗankwalina, na ce to Sarkin Hadari, ga ranarka. Ko gezau bai yi ba.

"Ni ban ɓata ba, hadari na yas saɓa alkawali. Wanga ruwan wancan mako na, makara yay yi."

Wallahi da ba don idon surukai ba, da laimar zan karɓa in gwada masa amfaninta na biyu. Abin haushi kuma, mutanen Sabiyal murna suke yi, don sun daɗe suna jiran ruwan shuka. Washegari da sassafe maza suka watse gona, har da angon. Tsofaffin garin suka ce Rabi tana da goshi, ta zo musu da damina. Ummaru ya ji haka, ya riƙa bi gida-gida yana karɓar godiya, wai shi ya zaɓi ranar.

Wannan magana ta hadari ya saɓa alkawari ta bi gari. Yau ko tela ya hana ka ɗinkin Salla a unguwarsu, ita zai faɗa maka.

Da wayoyin hannu suka yawaita, samari suka fara nuna masa hasashen yanayi a ciki, ga hoton gajimare, ga na rana, har na garuruwan Kudu. Ya karɓa ya jujjuya, ya mayar, ya tambaye su ko wayar ta taɓa shuka ko ƙwaya ɗaya. Amma shi ma yana da tasa dabarar. Babban ɗansa Nasiru ya koma Fatakwal yana sayar da albasa, a garin da ya ci uban, ya yi aure can, ya zauna. Kullum da hantsi Ummaru zai yi masa filashin, don bai yarda katinsa ya ƙone ba, Nasiru ya kira. Ba ina kwana, ba ya iyali, tambaya ɗaya ce: ana ruwa? In an ce ana yi, sai ya kashe waya ya fito benci, ya dubi gabas, ya kanne ido, ya sanar wa jama'a cewa yadda ya ga saman nan, yau Fatakwal tana shan ruwa. Mutane su yi ta jinjina kai.

To a nan dariya take fara ɗaci, don akwai wadda abin yake ci, ita ce Kulu. An haifa wa Nasiru ɗa namiji, aka sa masa sunan Ummaru, jikansu na fari. Kulu ba ta da burin da ya wuce ta ɗora yaron nan a cinya. Ummaru bai taɓa cewa ba za a je ba. Kullum za a je, lokaci kawai ake jira. Da damina ba a barin gona, kuma can ruwa ya yi yawa. Da kaka namu ya ɗauke amma nasu bai ɗauke ba. Ɗan tsakanin da samansu ke bushewa, wajen ƙarshen shekara, shi ne daidai lokacin dashen albasa da ban ruwa, wa zai bar fadama ya tafi yawo? Kafin a cire albasa a adana, ruwansu ya dawo. Haka shekara take zagayowa ta rufe ruf, babu ƙofar fita. In Nasiru ya ce to bari shi ya kawo matarsa da yaron, nan ma akwai magana. Da bazara zafin Jega zai illata jaririn da ya saba da sanyin ruwa, da damina hanya ba ta da kyau, da sanyi kuma mura. Ya hana zuwa, ya hana tahowa, kuma duk a cikin ƙauna yake yin abinsa.

Kowace shekara Kulu za ta daka kuka, ta shanya kuɓewa, ta ƙulla daddawa, ta ce tsarabar Fatakwal ce. Kowace shekara a tukunyarta suke ƙarewa. Ta ɗinka wa yaron 'yan riguna, suka yi masa kaɗan bai taɓa sa su ba, ta bayar, ta ɗinka manya, su ma haka. Hotonsa kawai take gani a wayar maƙwabta, ta riƙa shafa gilashin da yatsa. In ta yi magana, Ummaru ya ce sannu ba ta hana zuwa. Ita kuma ta ƙarasa masa daga bakin murhu, ba tare da ta ɗago ba, cewa sai dai a daɗe ba a je ba. Na yi masa faɗa, na yi masa gori, na ce tsoron ruwa yake yi kamar gishiri. Ya ce mata ba su san sama ba.

Nasiru da ya gaji, sai ya gwada ƙarya. Wata rana ina gidan, uban ya yi filashin, Nasiru ya kira, aka saki murya kowa yana ji. Ya ce Baba ai kwanan nan ko ɗigo ba a yi ba, gari ya bushe ƙayau, ku taho kawai. Bai rufe baki ba tsawa ta fashe a cikin wayar, har Kulu ta zabura. Ummaru ya nisanta wayar daga kunne, ya dube ta, ya mayar.

"To wagga da nij ji, ganga ta?"

Muka yi dariya har da hawaye, amma na lura hawayen Kulu sun daɗe ba su tsaya ba.

Yaro ya yi wayo, yana gudu, yana magana, kakanninsa ba su taɓa jin ɗuminsa ba. Sai wata shekara a tsakiyar watan Agusta, lokacin marka, na zo Jega dubiya ruwa ya tsare ni a gidansu. Tun safe ake yi ba ƙaƙƙautawa, lungu ya zama rafi. Ummaru ya riga ya aika tasha da sanarwar cewa yau ko kaza kada ta bar gida. Muna zaune bayan azahar wayarsa ta yi ƙara, kuma ba shi ya yi filashin ba. Nasiru ne. Zazzaɓi mai tsanani ya kama yaron, yana ta suma, an kwantar da shi asibiti, likitoci sun ce a yi ta addu'a.

Kulu ta zauna daɓas a ƙasa, ko kuka ta kasa. Ni kuwa na zuba wa Ummaru ido, na shirya masa baƙar magana, don na san zai fita tsakar gida ya dubi gabas. Bai fita ba. Ya miƙe, ya zura takalmi, ya ce, "Kulu, ɗauko lulluɓinki." Ya sa kai cikin ruwan nan, ita tana biye, ni ina biye da ƙullin kayan da na tattara musu a gurguje. Sai da muka yi nisa na lura hammatarsa ba komai. Laimar tana can rataye a ƙusa a zaure, kuma bai waiwaya ba.

A tasha direbobi suna fake a rumfa, suka ga Sarkin Hadari ya shigo jiƙe sharkaf, hula ta lanƙwashe, gemu yana zuba. Wani daga cikin waɗanda suka taɓa fitar masa da benci ya taso, ya ce, "Baba, ba kai kac ce yau ko kaza kar ta bar gida ba?"

"Ni nic ce. Tada mota."

Da suka ji dalili, babu wanda ya ƙara zolaya. Direban nan ya tashi da mota ba ta cika ba, ya kai su inda za su samu ta Kudu. Na tsaya a ƙofar tasha kusa da bencinsa har suka ɓace, ina addu'a ina jin haushinsa, ina kuma jin tausayinsa fiye da haushin.

Allah cikin ikonsa yaro ya tashi. Suka yi makonni a can, ana ruwa safe da yamma, Kulu ta goya jikanta duk da ya wuce goyo. Da suka dawo muka taru yi musu barka, kowa yana jiran ya ji Ummaru ya ce ya yi kuskure ko sau ɗaya a rayuwarsa. Ya gyara zama, ya karɓi laimarsa da aka ajiye masa, ya ce ai dama lokacin da ya tsara ke nan, duk shekarun nan shi yake jira, don wanda bai ga Fatakwal da marka ba bai ga Fatakwal ba. Ya ƙara da cewa ruwan can asara ce kawai, yana zuba a kan mutanen da ba su san dashen albasa ba. Zaure ya kwashe da dariya, na ce Allah ya shirye ka, Ummaru.

Amma da mutane suka watse, ya rage daga ni sai shi, ya daɗe yana murza hannun laimar. Sannan ya yi magana a hankali, ba tare da ya dube ni ba.

"Ta-Maiyama, yaron ga ya yi rarrahe ban gani ba, ya tashi tsaye ban gani ba. Ina nan ina kallon sama."

Ban samu abin zolaya ba a ranar. Na ce masa ai ka gan shi yanzu, ya gyaɗa kai.

Bai daina halinsa ba, kada ku ce na gyara shi don ya mutu. Ya koma bencinsa, ya ci gaba da hana mutane tafiya, hadari ya ci gaba da saɓa masa alkawari. Abu ɗaya ne ya sauya. In ya yi wa Nasiru filashin, sai ya fara cewa a ba shi takwaransa, su sha hira a kan katin Nasiru, sai can a ƙarshe ya tambaya ko ana ruwa.

Ciwon da ya tafi da shi a damina ya zo, lokacin da hanyar Kudu ta fi lalacewa. Da jiki ya yi nauyi, Kulu ta tambaye shi ko a gaya wa Nasiru, tana tsoron zai ce a bari sai ruwa ya ɗauke. Ina zaune a bakin gado na ji amsarsa da kunnena.

"Ki ce shi taho da yaron. Kar shi dubi sama."

Sun taho cikin ruwa, sun same shi da rai, ya ɗora hannu a kan takwaransa ya daɗe bai ɗauke ba. Bayan kwana kaɗan ya cika. Laimar tana hannun yaron yanzu, ya tafi da ita Fatakwal, inda aka sayo ta. Nasiru ya ce duk facin nan zuba take yi, amma yaron ya hana a saya masa sabuwa.

Ni kuwa har yau in hadari ya haɗu a gabas, sai in ji kamar zan ga wani ya ɗaga mini hannu in dakata. Na rasa abokin faɗa, kuma kewarsa tana damuna fiye da yadda zan yarda in faɗa a gabansa. Allah ya jiƙan Ummaru, ya yafe masa, ya yafe mana abin da muka yi masa na zolaya. Allah ya sanyaya makwancinsa da ruwan rahama, ya sa shi a inuwa ranar da babu inuwa sai tasa. Ya ba Kulu haƙuri, ya raya takwaransa. Amin.